Ƙugiyar da Na Karya a Ƙofar Motar Alhaji

Ni ne na yi laifin, ba Baba Idris ba. Ni na rufe makullin mota a cikin but, ni na zura ƙugiya a ƙofa na yaga robar na kankare fenti, kuma ni na buɗe baki a gaban jama'a na ce shi ne. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya yi nisa yana tausaya mini.

Sunana Habu, direba ne ni, mutumin Funtuwa. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma hanya na san ta. Shekara goma sha tara na yi ina jan mota tsakanin Funtuwa da Legas, ban taɓa kwantar da mota a daji na rasa yadda zan tashe ta ba. Wannan sanin ne ya kai ni Alƙahira. Alhaji Sabo, ɗan garinmu da ya daɗe a can, shi ya nemo ni. Aikinsa karɓar 'yan kasuwa daga gida, ya kai su kasuwar Ataba su sari abaya da jallabiya da takalma, ya tura musu kayan. Yana son direban da zai iya hira da baƙinsa da Hausa, wanda kuma ba ya tsoron cunkoso. Aka ce masa ga Habu.

Tunda direba ne ni, bari in bi da ku tasha-tasha.

Tashata ta farko Ainu Shams ce, unguwar da haya take da sauƙi, mutane kuma kamar an zazzage buhun gero. Wani dillali ya nuna mini ɗaki a hawa na biyu, mai taga biyu da famfo a ciki. Na ce tamam, don a lokacin ita kaɗai ce kalmar da na riƙe. Ranar da na zo da jakata sai ya wuce hawa na biyu, ya wuce na uku, muka yi ta hawa har saman rufi inda ake shanya da kiwon tattabaru. Ya buɗe wani ɗan akurki ya ce nan ne. Na yi ta nuna ƙasa da yatsa ina cewa ba nan ba ne. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ma'alish," wato in yi haƙuri, ya sauka abinsa. A nan na zauna. Kullum wake da burodi, safe da rana, har na fara mafarkin miyar kuka. In na kira matata Rabi sai in ce mata ɗakina a sama yake, iska ta ko'ina. Ban yi ƙarya ba, amma ban gaya mata tattabaru ne maƙwabtana ba.

Tuƙin garin bai ba ni tsoro ba. Wanda ya yi Legas ba ya tsoron hanya. Cikin wata biyu na gane cewa a nan layin titi ado ne kawai, ham ɗin mota kuma magana ce: akwai na gaisuwa, akwai na ba ni wuri, akwai na zagi.

Tasha ta biyu Ataba ce. A bayan kasuwar akwai wani fili tsakanin tsofaffin benaye biyu, inda ake ajiye motoci. Yadda suke yi shi ne, ana cusa motoci gindi da baki har babu wurin da kyanwa za ta bi. Akwai mutumin da ke kula da wurin, sayis suke ce masa. In ka shigo sai ka miƙa masa makulli ya rataye a wani allo mai ƙusoshi. In wani zai fita, shi zai ja wannan, ya tura waccan, kamar mai buga dara, har ya fito da ta can ƙuryar. In babu makulli a hannunsa, aikin ba ya yiwuwa.

Ranar farko wani ya tare mini gaba, na leƙo da kai ina zaginsa da Hausa, tunda na san ba mai ji. Sai na ji murya a bayana.

"Kai, ɗana, zagi ba ya matsar da mota."

Na waiga. Wani dogon tsoho ne baƙi, da farar jallabiya da hula, yana riƙe da usur. Na ce, "Baba, daga ina?"

Ya ce, "Daga Sudan. Kakana ne ya fito daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za shi Makka, ya tsaya hutawa a hanya. Har yau hutawar muke yi."

Shi ne Baba Idris, sayis na wannan gareji. Yaƙi ne ya kore shi daga gidansa, ya zo Masar da matarsa. Mai garejin, wani Bamasare mai tumbi da ake kira Mu'allim, ya ba shi aikin tare da ɗan ɗaki a ƙuryar filin. A nan suke kwana shi da matar. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci, amma ranar na ji ta kamar ruwan randa.

Ya miƙo hannu ya ce in kawo makulli. Na ce a'a. Wanda ya koya mini tuƙi a tashar Funtuwa ya gaya mini direba ba ya ba da makulli, ko ga ubansa. Baba Idris ya dube ni, ya dubi motar, ya yi dariya ya ce, "To, ɗan tasha." Daga ranar kullum sai ya tanadar mini wuri a bakin ƙofa, inda ba sai an motsa motata ba. Sau da yawa na ji Mu'allim yana yi masa faɗa a kan wannan wurin. Ban taɓa ce masa na gode a kansa ba, don a ganina haƙƙina ne.

Ba wanda ya gaya mini Masar tana sanyi. Da damina na baro gida da riguna marasa nauyi. Sanyin farko ya same ni ina karkarwa a gefen mota, hannuwana a hammata. Baba Idris ya shiga ɗakinsa ya fito da wata kwat ruwan toka, mai aljihu biyu a ciki. Ya ce ta ɗansa ce da ya wuce Libiya. Na ce zan dawo da ita in zafi ya shigo. Ya ce, "In zafi ya shigo za ka manta. Riƙe ta." Shi ya koya mini sunayen gadoji, da yadda ake gaisa da ɗan sanda, da Larabcin da nake cin abinci da shi yanzu. In matarsa Hajja Amina ta yi tuwon dawa irin nasu, sai ya ajiye mini a kwano a ƙarƙashin allon makullai.

A shekara ta biyu Alhaji ya sayar da tsohuwar motar ya ɗauko sabuwa dal daga kamfani. Ranar da muka karɓo ta ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a kusurwar gilashin gaba, da lambar waya a jiki.

Ya ce, "Habu, ka ga wannan? Lambar kamfanin motar ce. Ko taya ce ta fashe, ko batir ya mutu, ko makulli ya kulle a ciki, kira su kawai. Za su turo mutum duk inda kake, yana cikin garanti. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada hannun kowa ya taɓa ta kafin su iso. Ba bakanike, ba kai ba."

Na ce, "To, Alhaji."

Ya ce, "Kuma duk kiran da aka yi, saƙo yana shigowa wayata."

A raina na yi dariya. A tasharmu direban da ya kira taimako saboda makulli, sai ya sake tasha don tsiyar da za a yi masa. Ina da wata ƙugiya da na ƙera da hannuna daga siririn ƙarfen nan na ƙafar keke. Na daddage kanta, na goge ta da magagari har ta yi baki uku. Har suna aka sa mini saboda ita, Habu Mabuɗi. Ta raka ni Legas ya fi a ƙirga, ta kuma raka ni Masar a ƙasan jaka. Maganar Alhaji duk ta wuce ta bayan kunnena, ban da guda ɗaya: saƙo yana shiga wayarsa.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen sanyi ne. Da safe na sa kwat, da rana ta ɗaga zafi ya taso. Alhaji yana cikin kasuwa da baƙi biyu daga Kano, ni kuma ina loda dilolin abaya. Ƙofofin a kulle suke, don ni ba na barin mota a buɗe ko na minti ɗaya. But kaɗai na buɗe da maɓallin makullin, na mai da makullin aljihun kwat. Gumi ya dame ni, na cire kwat ɗin na jefa a kan kayan, na danna murfin but. Motar ta ƙyafta fitilu sau ɗaya. Kafin hannuna ya bar murfin na san abin da na yi.

Baba Idris yana kusa, da kofin shayi a hannu. Ya ga fuskata ya gane.

Ya ce, "Ga lamba can a gilashi. Kira su."

Na ce, "Baba, ba sai an kira kowa ba."

"In Larabcin ne ke ba ka tsoro, kawo wayar in yi musu magana."

"Motocin da na buɗe da hannun nan sun fi gashin gemunka yawa."

Ya kurɓi shayi ya ce, "Waɗancan motoci ne. Wannan kwamfuta ce aka sa wa taya. Ɗana, ajiye ƙarfen nan."

Ban ajiye ba. Na riga na zaro ƙugiyar daga 'yar jakar da nake ratayawa. Na zura ta tsakanin gilashi da roba ta gefen direba, ina laluben sandar da ake ɗagawa. A tsofaffin motoci kafin ka ƙirga goma ka ji ta. A wannan babu ita. Na ƙara turawa, na karkata, na murɗa. Robar ta yage. Na zaro na sake gwadawa ta sama, fenti ya kankare kamar tsawon yatsa. Na mayar ta ƙasa, ta kama wani abu a ciki. Na ce alhamdu lillahi, na finciko da ƙarfi. Sai na ji ƙas. Rabin ƙugiyar a hannuna, rabin a cikin ƙofa.

Ina cikin kallon guntun sai ga Alhaji da baƙinsa. Na tura guntun cikin jaka. Na ce makulli ya kulle a but. Alhaji bai yi faɗa ba, ya ce ai abin da ya sa aka manna lambar ke nan. Ya kira da kansa.

Kafin a kira la'asar wata ƙaramar motar kamfani ta tsaya a bakin gareji. Wani siririn Bamasare ya fito, da alamar gicciye a wuyan hannunsa, ya ce sunansa Usta Mina. Bai taɓa motar ba sai da ya duba katin Alhaji da takardar motar, ya tabbatar mai ita ne. Sannan ya ɗauko wata 'yar jakar roba ya cusa a saman ƙofar baya, ya hura mata iska har ƙofar ta ɗan buɗe baki, ya zura doguwar sanda mai laushi ya buɗe ta daga ciki. Alwala ta fi aikin daɗewa. Ko ƙwarzane bai bari ba. Ina tsaye ina kallo, na san na ga wanda ya fi ni.

Da ya zagayo gefen direba sai ya tsaya. Ya shafa robar, ya ɗauki hoto da waya. Ya ce wa Alhaji, "Wani ya riga ni. Wannan ɓarnar garanti ba ta ɗaukarta, kuma dole in rubuta."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Motar ko wata uku ba ta yi ba. Ya ce, "Habu, wa ya taɓa mini mota?"

Ina iya cewa tsoro ne, tsoron a mai da ni gida da jaka ɗaya, ga 'ya'ya biyar suna jiran abin da zan aiko. Akwai wannan. Amma gaskiyar ita ce ban iya jure a ce Habu Mabuɗi ya kasa buɗe mota ba, a gaban mutanen da za su koma gida su ba da labari. Na ce, "Na je neman ka cikin kasuwa, na dawo na tarar da Baba Idris a jikin ƙofar da wani ƙarfe. Ina ga taimako ya so yi."

Har da ɗan wannan na ƙarshe na ƙara, don in ji kamar na yi masa adalci.

Baba Idris ya ajiye kofin a ƙasa. Ya ce, "Habu, ni?"

Ban dube shi ba. Alhaji ya kira Mu'allim ya maimaita masa maganata da Larabci. Direbobi da masu dako suka taru. Mu'allim ya yi ta ihu yana dukan tafin hannunsa, yana cewa sayis da ke zura ƙarfe a motar mutane yau, gobe abin da ke ciki zai ɗauka. Ya san Alhaji ne ke kawo masa motocin 'yan Najeriya, ba zai yarda ya rasa su ba. Ya fizge usur daga wuyan tsohon, ya ce kafin gobe ya kwashe kayansa daga ɗakin. Baba Idris bai ce komai ba. Usta Mina yana naɗe kayan aikinsa, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya shiga motarsa.

Mako bakwai na yi da wannan abin a cikina. Aka kawo sabon sayis, shi kuma ya ce ko makulli ko waje. Sai na koma ajiye mota can nesa ina ɗauko diloli a ka. Garejin ya rikice, don ba wanda ya san allon nan kamar tsohon. Kullum sai ka ji ana faɗa, wani ya makara saboda an binne motarsa a ƙurya. Kwat ɗin na rataye ta a ƙusa a ɗakina, na juya ta ta fuskanci bango. Rabi ta ce mini a waya, "Malam, muryarka ta canza, ko ba ka da lafiya?" Na ce mura ce. Guntun ƙugiyar kuwa yana nan a jaka. Sau biyu na tsaya a kan gada da niyyar jefa shi a kogin Nilu, hannuna ya ƙi.

Tasha ta uku Wustul Balad ce, tsakiyar gari. Da hantsi na kai Alhaji wani ofis. Ya fito muka shiga, na murɗa makulli, sai motar ta haukace. Ƙararrawa ta kama kuka, fitilu suna ƙyaftawa, ƙofofi suna kullewa suna buɗewa da kansu, inji kuwa ko tari bai yi ba. Masu shaguna suka fito suna ba da shawara, kowa da tasa. Na buɗe bonet don sabo. Komai a rufe yake da baƙar roba, babu inda hannu zai kama. Alhaji yana da wani alkawari, ya ce, "Kira lambar. Ni zan bi jirgin ƙasa." Ya tafi ya bar ni.

Na kira. Wata mace ta ɗauka. Na fara kame-kame da Larabcina, ta ce in yi a hankali, tana ji. Abin da ta fara tambaya shi ne ko akwai wanda ya ji rauni, ko ina wurin da mota za ta iya buge ni. Sannan lambar mota, sannan sunan titi. Ta ce in zauna a inuwa, mutum yana zuwa. Duka maganar ba ta kai minti uku ba. Na tsaya ina kallon wayar. Wannan ne abin da na guje wa har na raba tsoho da ɗakinsa.

Yankin ɗaya ne da Ataba, don haka Usta Mina ne ya zo. Ya gane ni, ya ce, "Nijeriya, yaya?" Ya cire kan batir kukan ya tsaya. Ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya nufi ƙofar direba kai tsaye. Ya kwance fatar ƙofar ta ciki. Ya zura yatsu biyu ya fito da wani guntun ƙarfe mai baki uku. Duk buɗewa da rufewar da nake yi, yana nan yana goga wayoyin lantarki har ya cinye rigarsu.

Ya juya shi a rana ya ce, "Wanda ya ƙera wannan gwani ne. A motocin da, ba ƙofar da za ta gagare shi."

Ya naɗe wayoyin, ya canza wani ɗan fis, ya ce na wucin gadi ne, sai an kai ta kamfani. Ya mai da batir, motar ta tashi lafiya lau. Yana goge hannu ya ce, "Jiya na bi ta garejin nan na Ataba. Ban ga tsohon ba."

Na ce, "Ya bar aikin."

Ya ce, "Ranar nan hannunsa kofin shayi ne a ciki. Naka kuma baƙin roba ne har wuyan hannu. Ni ba a tambaye ni ba, aikina ƙofa ne." Ya ciro takardarsa. "A nan zan rubuta an sami ƙarfe a cikin ƙofa. Babu layin da ake rubuta na wane ne. Kamfani ba ya tambaya."

Ya kamo hannuna ya sa guntun a tafina, ya rufe yatsuna a kai. Ya ce, "Kayanka."

Da ya tafi na zauna a cikin motar, na ciro ɗaya rabin daga jaka na haɗa su. Suka zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Washegari da safe na sami Alhaji a ofishinsa na ajiye masa guntaye biyun a kan tebur. Na faɗi komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon su. Ya ce, "Da ka ce kai ne, faɗan kwana biyu zan yi maka, a gyara fenti a wuce wurin. Amma ka sa ni na ɗauki ƙaryarka da bakina na fassara ta. Ajiye makullin. Je ka nemo shi. In ba ka same shi ba, ba ni da mota da zan ba ka."

Kwana uku na yi ina yawo a Ainu Shams, inda mutanen ƙasarsu suke da yawa, ina tambayar duk wani mutumin Sudan da na gani. A rana ta uku, kusa da tashar jirgin ƙasa, na hango Hajja Amina a bayan wani ɗan tebur tana sayar da shayi. A bayanta, a kan bulo, Baba Idris ne yake wanke kofuna a bokiti. Ya rame. Wani ɗan'uwansu ne ya ba su aron rabin ɗaki, aka raba da labule.

Na yi sallama. Hajja ta dube ni ta ce, "Shayi ya ƙare," ga tukunya tana tafasa a gabanta.

Baba ya amsa sallamar ya ce, "Ɗan tasha. Ina motar?"

Na durƙusa na fara magana. Ya ɗaga hannu da kumfa a jiki.

Ya ce, "Tsaya. Ka san abin da ya sa na yi shiru ranar nan? Mai katin gudun hijira ba ya jayayya a bakin titi, in 'yan sanda suka zo ba a tambayar wa ke da gaskiya. Wannan ɗaya. Na biyu, na ce yaron nan tsoro ne ya kama shi, yanzu zai dawo ya gyara. Na ƙi ɗaure kayana. Na zauna a bakin ɗakin har aka yi magariba ina kallon ƙofar gareji."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "A nan ka faɗa? A gaban bokiti? A bakin gareji ka ce ni ne, a gaban mutum ya fi ashirin. Kuma da Larabci maganar ta zaga Ataba. Je ka ɗauko ta daga inda ka ajiye ta."

Hajja ta ce, "In ya iya."

Na ce zan iya.

Washegari bayan azahar, lokacin da garejin ya fi cika, muka taru. Alhaji ya kawo motar da kansa, ya ba ni makullin a bakin ƙofa. Mu'allim yana zaune a kujerarsa, direbobi da masu dako suka matso. Alhaji ya ce zai fassara. Baba Idris ya ce a'a, bakin da ya ɓata shi ne zai gyara.

Na tsaya a tsakiya. Larabcina ya fito a karkace, na mai da namiji mace, wani mai dako ya tuntsire da dariya. Ban tsaya ba. Na ce ni na rufe makulli, ni na sa ƙarfe, wannan tsohon ya hana ni har sau uku ban ji ba, sannan na yi masa ƙarya. Na ɗaga guntaye biyun na haɗa su a gaban kowa. Dariyar ta ɗauke.

Mu'allim ya tashi da ƙyar, ya karɓi ƙarafan ya duba, ya zage ni zagi mai kyau wanda na fahimci kusan dukansa. Sannan ya je ya kama kan Baba Idris da hannu biyu ya sumbace shi a goshi, yadda suke ba da haƙuri a can. Ya ce tun da tsohon ya tafi bai sha shayi da zafinsa ba saboda rigimar motoci. Ya ciro usur daga aljihu ya rataya masa, ya ce ɗakin yana nan, buhunan da aka zuba a ciki yau za a fitar.

Baba Idris bai dube shi sosai ba. Ni yake kallo. Na san saura tawa tubar, ta tsakanina da shi, wadda ba ta Ataba ba.

Na cire takalmana a kan ƙasar garejin, na durƙusa a gabansa kamar yadda zan yi wa mahaifina. Na ciro makullin motar Alhaji, wanda shekara biyu yana miƙo hannu ina hana shi, na ɗaga da hannu biyu.

Na ce, "Baba, ka tufatar da ni ina jin sanyi, ka ciyar da ni ina kewar gida, ni kuma na tozarta ka don kada a ce na kasa. Ba tsautsayi ba ne, ba kuma sharrin Shaiɗan zan ce ba, ni ne. Na cuce ka, na cuci Hajja. Ga makullin, ka rataye shi a duk ƙusar da ka ga dama, ka sa motar a can ƙurya. Don girman Allah, Baba, ka yafe mini."